Ku Mayar Mata da Allurarta

A Tsafe, da zarar likita ya ambaci ciwon daji, abu na farko da muke ƙwace wa majinyaci shi ne aikin hannunsa. Muna kiran wannan tausayi. Ni kuwa ina ganinsa jana'iza ce tun mutum na numfashi.

A kan goggona na gani. Shekara talatin tana ɗinkin hula, da shi ta yi wa 'ya'yanta uku kayan ɗaki. Ranar da aka dawo da ita daga Zariya da labarin sankarar mama, matan gida suka tattara zare da allura suka jefa ƙasan adaka. Wata tsohuwa har ta kafa hujja da camfin nan na cewa daji ba ya son ƙarfe, camfin da ke hana mutanenmu zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Aka bar ta a kan katifa tana ƙirga azara, masu dubiya na shigowa da "Sannu, Goggo" cikin muryar zaman makoki. Kafin wata biyu ta daina tambayar ko yau wace rana ce.

Ƙanwata, 'yar shekara sha biyu, ita ta sato allurar ta kai mata. Maganin da ake ɗura mata ta jijiya ya kashe mata kan yatsu, allura na suɓucewa, sai ta koma ɗinkin faifai da basilla. Ta fara faɗa idan an sayo mata kaba mara kyau. Wallahi faɗan nan ya fi mana daɗi da kowane albishir.

Kada a yi mini gurguwar fahimta: faifai bai taɓa warkar da kowa ba, kuma duk wanda ya hana majinyaci zuwa Shika ko Sakkwato ya zalunce shi. Amma masu ce mini "ana ta kai, wa yake ta kaya?" su faɗa mini abin da mutum zai yi da makonni ukun da ke tsakanin ɗurin magani da na gaba. Ƙungiyoyin da ke buga riguna kowace 4 ga Fabrairu don ranar yaƙi da ciwon daji, kuɗin riga ɗaya zai sayi kaba da basillar mata da dama.

Goggo ta rasu da damina. Faifai bakwai ta ɗinka, ta sayar da huɗu ta biya wa kanta kuɗin mota zuwa Funtuwa. Na takwas bai kai ƙarshe ba, basillar na soke a bakinsa har yau.