Su wa ke zaune a teburin da ake raba hatsin talaka?

Ana saura mako biyu a kama azumin 2025, na zauna a taron kwamitin amintattu na wata ƙungiyar agaji a nan Maradi. Ni ne magatakarda, wato aikina in rubuta abin da manya suka faɗa. Mu tara ne. Akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga baitulmali, da likita, da lauya, da malamin jami'a, da limamin unguwa, da alhazai biyu ƴan kasuwa, da wata Hajiya da ta daɗe tana aiki da ƙungiyoyin Turawa, sai ni ƙaraminsu.

Bari in fara da ba su haƙƙinsu. Babu wanda ake biya ko dala a cikinsu. Ruwan da muka sha ranar ma ɗaya daga cikin alhazan ne ya sayo da kuɗinsa. Dattijon baitulmali kuwa, in takardar sayayya ta ɓata, ko ta jika guda ce, ba a tashi taro sai an nemo ta. A ƙasar da kowa ya san yadda kuɗin agaji ke salwanta, irin wannan mutum zinariya ne.

A cikin minti goma muka yanke shawara: a sayi buhunan hatsi, a raba a ƙauyuka huɗu cikin makon farko na azumi. Babu wanda ya ja. Ni ma ban ja ba, na rubuta kawai.

Ranar rabo, a ƙauye na uku, wata tsohuwa ta karɓi kasonta, ta yi mana addu'a, sannan ta kamo hannun rigata. Ta ce: "Ɗana, Allah shi saka. Amma yanzu da ɗan saura cikin rumbu. Ku komo in hatsi ya kai gwiwa, ka ga gari ba namiji guda a gonatai." Abin da take nufi kowane ɗan ƙauye ya san shi. A Yuli da Agusta rumbu ya ƙare, tiyar hatsi ta yi tsada, maigida ya bar tasa gona ya tafi ƙwadago gonar mai hali don ya samo abin da za a ci da dare. Tasa gonar ciyawa ta cinye, kaka ta zo ya girbe kaɗan, ya sayar da rabi a farashin banza don ya biya bashin damina, baɗi kuma a sake. Buhu guda a Agusta yana iya tsare mutum a gonarsa. Buhu guda a Maris, an ci an gode, shi ke nan.

Mu tara, da digirorinmu da shekarunmu, ba wanda ya kawo wannan magana. Ba don mugunta ba. Ba wanda a cikinmu ya taɓa barin gonarsa ya yi noman wani don tuwon dare.

To, abin da muke faɗa a nan ke nan. Idan ana zaɓen amintattu a ƙungiyoyin yaƙi da talauci, kalmar da ake yawan ji ita ce gogewa. Amma in ka duba, gogewar iri ɗaya ake nufi: wanda ya iya Faransanci, ya san rubuta rahoto, yana da lambar wayar wani babba a Yamai. Ana bukatar wannan, ba musu. Sai dai akwai wata gogewar da ba ta shiga takarda, kuma ita ce tushen aikin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna 2005. Ina ɗan firamare lokacin, amma ban manta layukan mata da goyo a bakin cibiyoyin tamowa ba. Fari da fara sun yi ɓarna a daminar 2004, amma kasuwanni ba su rasa hatsi ba. Kuɗin saye ne talaka ba shi da shi. An daɗe ana ta sayarwa a farashi mai rahusa, ana gardamar cewa rabon kyauta zai lalata kasuwa, sai da abin ya yi muni aka koma raba kyauta. A shekarar, ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, akasarinsu a jihar Maradi, jihar da ake yi wa kallon rumbun ƙasa. Masu yanke shawara a lokacin ba jahilai ba ne. Ƙwararru ne. Nesa suke da tukunyar.

Za a ce, ai matar ƙauye ba ta san lissafi ba, yaya za a ba ta amanar miliyoyi? Wannan magana ta fi ba ni haushi, don a ƙasarmu aka ƙaryata ta. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi: mata su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, a ba da rance, a biya da ɗan ƙari, a raba a ƙarshen zagaye. Da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, lissafin a ka suke riƙe shi, a gaban kowa ake ƙirga kuɗi, akwatin kuma kwaɗo uku gare shi, makullan a hannun mata uku dabam. Daga nan tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Tsohuwar da ta kamo rigata, daga baya na ji ita ke riƙe da makulli ɗaya a asusun garinsu shekara da shekaru. Ku faɗa mini tsakani da Allah, a ƙungiyoyinmu na birni, nawa ne ake ƙirga kuɗi a gaban kowa?

Kuma kar a ce doka ce ta hana. Dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984, tun zamanin Seyni Kountché, ba ta ce sai mai digiri zai shiga shugabancin ƙungiya ba. Mu ne muka gina katangar da hannunmu. Taro da Faransanci, rahoton kuɗi da Faransanci, a ofis cikin birni, ranar aiki da hantsi. Tun Maris 2025 kundin da ƙasa ke tafiya a kai ya ce Hausa ce harshen ƙasa, amma har gobe za ka ga Hausawa tara a ɗaki suna tattauna yunwar Hausawa da harshen da mai yunwar ba ya ji.

Akwai kuma wani abu da ba mu son taɓawa, shi ne aikin sa kai kansa. Muna alfahari cewa amintattu ba su karɓar komai. Daidai ne, kuma mun ga yadda kuɗin zama ya lalata tarurruka da yawa, mutum ya zo don ambulan ya yi barci a kujera. Amma kyauta sai mai shi. Alhaji zai hau motarsa ya zo. Matar da ke tuyar ƙosai, in ta zo taro ta rasa cinikin yini, ga kuɗin mota zuwa da komawa. In ba a biya mata kuɗin hanya ba, to an ce mata kar ta zo, ko da ba a furta ba. Mayar wa mutum kuɗin motarsa ba albashi ba ne.

Kar a ɗauka muna cewa talauci shaidar gaskiya ne. Mun ga jerin sunayen mabukata da aka rubuta a ƙauye ya fito duk dangin mai rubutun ne. Haka nan mun ga a birni ɗan kwamiti mai sayar da hatsi ya zama shi ke sayar wa ƙungiyar, ba a tambayi farashin kowa ba. Maganin duka biyun ɗaya ne: mutane masu asali dabam-dabam a tebur guda, kowa idonsa kan ɗan'uwansa. Da na kai maganar tsohuwar gaban kwamiti, Alhajin da na zaci zai ƙi shi ya warware ta. Ya ce a ci gaba da tara kuɗi a azumi tunda lokacin ne hannun mutane ke sakewa, a sayi hatsi kafin ya hau, a aje a sitonsa kyauta, dattijon baitulmali ya riƙe makulli, a raba a Yuli. Ita ta san lokacin, shi ya san kasuwa. Shekara nawa muka yi ba mu haɗa su ba?

Ku kuma ƴan uwana matasa, da ke aiko mana da hotunan rabon kayan abinci, kun sa riguna iri ɗaya: ɗaukar buhu aiki ne, Allah ya ba da lada. Amma nawa ne cikinku suka taɓa zuwa babban taron ƙungiyarsu, suka nemi a karanta sunayen ƴan kwamiti, da sana'ar kowa, da shekara nawa ya yi kan kujerar? Ka tambaya ko akwai mutum guda a ciki da ya fito daga garuruwan da kuke kai wa taimako, mai ƙuri'a, ba wanda ake kira ya yi godiya a gaban kamara ba. Za a ce maka ba ka da kunya. An faɗa mini, a gaban mutane.

A namu kwamitin, an yarda a ƙara kujeru biyu, mace da namiji, ƙauyukan su zaɓa da kansu, a kuma riƙa yin taro da Hausa. Maganar kuɗin mota ce ta tsaya: huɗu sun yarda, biyar sun ce zai buɗe ƙofar da ba za a iya rufewa ba. An ɗage ta zuwa taro na gaba, kuma na riga na sa ta a layin farko na ajanda.