Aikin Ba Da Shawara A Kan Ilmi

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato daga Sabon Gari, ya wuce Kwangila, ya ratsa Palladan har ya kai Samaru, lalle zai lura da allunan da aka kakkafa a bakin titi. Ban da na makarantun kuɗi, akwai na waɗansu mutane masu kiran kansu masu ba da shawara a kan al'amuran ilmi. Saboda haka malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi sukan tambayi juna, shin wannan sana'a ce ta gaskiya? In kuwa ita ce, ta wace ƙofa ake shigarta? Mu a ganinmu sana'a ce, mai daraja kuwa, amma ƙofarta tana cikin aji. Wanda bai taɓa tsayawa gaban yara da alli a hannu ba, ba shi da abin da zai gaya wa mai tsayawa.

Sunan ne sabo, aikin kam ya daɗe a ƙasar nan. Kafin Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, sai da ya tafi Masar da Sudan ya ga yadda suke tafiyad da makarantunsu. A zamanin En'e kuma akwai malamai masu zagaya makarantun ƙauyuka, su zauna bayan aji su saurari darasi, in an tashi su gyara wa malami inda ya kuskure. Abubakar Tafawa Balewa kansa ya yi shekaru yana koyarwa a Midil ta Bauci tukuna, sa'an nan ya tafi Ingila ƙaro ilmi cikin 1945, da ya komo aka ba shi duba makarantu.

Zariya kuwa ta ci amfanin shawara mai kyau fiye da kowane gari a Arewa. Kwamitin Ashby, wanda aka kafa cikin 1959 ya kuma miƙa rahotonsa cikin 1960, shi ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa. Cikin 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, aka kuma buɗe Babbar Kwalejin Horad da Malamai ta Zariya. Cikin 1965 aka kafa Cibiyar Ilmi ta jami'ar, don ta taimaki ma'aikatun ilmi da kwalejojin malamai wajen manhaja da horo da jarrabawa. A farkon shekarun 1970 cibiyar nan ta gudanad da shirin kyautata ilmin firamare da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ta riƙa aika ƙwararrun malamai suna bin makarantu ɗaya bayan ɗaya, suna nuna wa 'yan'uwansu sabbin dabarun koyarwa. Wannan shi ne ainihin aikin da muke magana a kansa.

To, a yau me mai wannan sana'a yake yi? Wani yakan taimaki wanda ke son buɗe makaranta, ya nuna masa ƙa'idodin Ma'aikatar Ilmi, ya tsara masa jadawalin darussa da littattafan rajista, ya taya shi zaɓen malamai. Wani horad da malaman da ke bakin aiki ne aikinsa. Wani yakan zauna da yaro da iyayensa, ya duba hazaƙar yaron da ƙarfin aljihun uban, ya nuna masu fannin da ya dace. Wani kuma da Gwamnati yake aiki, ko da ƙungiyoyin agaji, kamar yadda aka yi a shirin ESSPIN wanda Gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida, har da Kaduna da Kano da Jigawa. A irin wannan aiki akawu ma yana da rabo, gama ƙidayar makarantu da lissafin kuɗinsu da tsare rajista duka suna bukatar wanda ya san ofis.

Bukata kuwa ba ta ɓuya ba. Cikin 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta gardama a kan yadda aka yi jarrabawar da abin da ya biyo bayanta, amma ba wanda ya musanta cewa malamanmu suna bukatar mai kama hannunsu. Kora kaɗai ba ta koya wa kowa koyarwa, wanda aka ɗauka sabo shi ma sai an nuna masa.

Ga hanyar shiga, ga wanda ke da niyya. Da fari ya sami takardar malanta, ko dai ta NCE, ko digiri a fannin ilmi. Wanda digirinsa na wani fanni ne sai ya yi difloma ta koyarwa, ana yinta a Samaru, ana kuma yinta a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa cikin 1976. Sa'an nan ya yi rajista da Hukumar Rajistar Malamai, wadda dokar 1993 ta kafa. Bayan wannan sai aji. Mu dai muna ganin abin da ya gaza shekara biyar bai isa ba, ya kuma kyautu a ce ya ɗanɗana makarantar ƙauye mai yara da yawa da littattafai kaɗan. A nan Palladan akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama tun 1964, ba a kuwa barin mutum ya koya wa wani tuƙi a cikinta sai shi ma ya tara sa'o'insa a sama. Yaran talakawa ba su fi fasinjan jirgi araha ba.

In ya ƙoshi da aji, sai ya zaɓi fanni guda ya ƙware a kai, ko koyad da karatu ga ƙananan yara, ko lissafi, ko shugabancin makaranta, ko ilmin nakasassu, don taura biyu ba ta taunuwa. Ya raɓi wani babba wanda ya riga shi, ya yi masa hidima, ya ga yadda ake rubuta rahoto da yadda ake gaya wa hedimasta gaskiya ba tare da an ci masa fuska ba. Ya iya kwamfuta, ya iya rubutu mai tsabta da Hausa da Turanci. Ya kuma riƙa ajiye shaidar aikinsa, watau yara nawa ne suka iya karatu sa'ad da ya zo, nawa ne sa'ad da ya tafi. Daga ƙarshe ya yi wa sana'arsa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, kowane aiki kuma a rubuta yarjejeniyarsa da ladansa tun kafin a fara.

Akwai gargaɗi biyu. Na ɗaya ga ma'aikatan Gwamnati ne. Tsarin Mulki na 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanad da kasuwancin kansa, in ba noma ba. Saboda haka wanda ke bakin aiki ya yi ta shiri, amma kada ya bar ajinsa ko teburinsa ya tafi neman kwangila. Ya kuma sani wannan sana'a ba ta da albashin wata, ran samu da ran rashi duka nata ne.

Na biyu ga kowa da kowa ne. Akwai masu fakewa da wannan suna, su karɓi kuɗin iyaye da alkawarin sama wa yaro gurbi a jami'a, ko su kai shi inda za a rubuta masa jarrabawa. Tun 2017 hukumar JAMB ta mai da shiga jami'a ta hanyar na'ura, ɗalibi yana iya duba matsayinsa da kansa, satar jarrabawa kuwa laifi ne a ƙarƙashin dokar 1999. Uban da ya sayad da buhun masararsa ya ba irin waɗannan, ya yi hasarar kuɗi, ɗansa kuma ya yi hasarar shekara. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, masu gaskiya a sana'ar su ne za su fi shan kunyar abin.

Don haka muna roƙon Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kaduna da Ƙaramar Hukumar Sabon Gari su ajiye littafi na sunayen waɗanda suka cancanci wannan aiki, yadda mai makaranta ko uban yaro zai iya zuwa ya duba. Kafin a yi haka, ku malamai da akawuna, ku ne mutane ke tambaya a unguwa. Duk wanda ya zo da shawarar sayarwa, ku ce a tambaye shi inda ya koyar, da shekarun da ya yi, da abin da yaransa suka iya.