Masu cewa hoton mutum-mutumin roba wasan yara ne, ku zo mu yi lissafi

Zare ne, zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

Akwai masu ɗaukar hoton ƙananan mutum-mutumin roba, irin Gundam na Japan. Da zarar wani ya saka hoton, sai ka ji ana "ƙato da kai kana wasa da 'yar tsana". Ni kam ban yarda ba. Fasaha ce sosai, kuma ta wani ɓangaren ta fi hoton biki wuya.

Ga wanda bai sani ba, Gundam katun ne na Japan da aka fara nunawa a 1979, Yoshiyuki Tomino ne ya ba da umarni. Yaƙi ake da manyan injina masu siffar mutum, matuƙi na zaune a ciki. A 1980 kamfanin Bandai ya fara sayar da ƙananansu na roba a kan yen 300. Gunpla ake ce musu. Ba a haɗe suke zuwa ba, kai za ka yanko gutsattsarin ka harhaɗa, in kana so ka yi fenti.

To ga lissafin. A labarin, Gundam na farko tsawonsa mita 18 ne, kamar bene mai hawa biyar ko shida. Na roban da aka fi sani an rage shi sau 144, ya dawo santimita 12 da rabi. Ko tsawon wayar da ke hannunka bai kai ba.

Aikin mai hoto shi ne ya sa idonka ya yarda cewa wannan ɗan abin ya kai bene. Kuma ido fa ba ya yaudaruwa da arha.

Ɗauki mutum mai tsawon mita 1.7 ka rage shi sau 144, bai fi santimita ɗaya da ɗan ɗori ba. A nan idon kyamara zai tsaya in kana so hoton ya zama kamar mutum ne ya ɗaga kai yana kallo. Shi ya sa za ka ga sun kwanta rub da ciki a ƙasa, ko sun juya waya kai ƙasa. Ka ɗauka daga tsaye, shi ke nan, kowa ya ga roba.

Yashi ma maƙiyinka ne. Ƙwayar yashi mai milimita ɗaya, a duniyar 1/144 dutse ce mai santimita 14. Don haka sai an tankaɗe ƙura, ko a nemo toka ko fulawa. Ruwa ya fi kowa tonon asiri, ɗigo ɗaya a kafaɗar mutum-mutumin sai ya zama kamar tulu.

Sannan wannan dishi-dishin bayan hoto da muke so a hotunan Sallah, a nan illa ne. In kai ya fito tar amma ƙafa ta dushe, ƙwaƙwalwa ta riga ta gane ƙaramin abu aka ɗauka daga kusa. Masu babbar kyamara sai sun tsuke ƙofar haske, ko su ɗauki hotuna da yawa su haɗa. Waya kuwa ta fi sauƙi a nan, in dai ka kashe Portrait.

Wannan dabara ba yau aka fara ba. Godzilla na 1954, mutum ne cikin riga yake tattake ƙaramin birnin Tokyo da Eiji Tsuburaya da mutanensa suka gina. Jiragen Star Wars na 1977 ma ƙananan ƙira ne aka ɗauka. Ba wanda ya ce musu yara.

A 1977 ɗin dai David Levinthal da Garry Trudeau suka fitar da littafin Hitler Moves East a Amurka, hotunan yaƙin Jamus da Tarayyar Sobiyet, duk da sojojin wasa. Shi Levinthal da gangan ya bar dishi-dishin, har suka yi kama da tsofaffin hotunan fagen daga. Ka ga ko dokar da na faɗa ɗazu, wanda ya san abin da yake nema zai iya karya ta.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu suka ita ce, ai Bandai ne ya zana, kai me ka ƙirƙira? To mai ɗaukar hoton hawan Daushe shi ya halicci dokin? Shi ya ɗinka alkyabbar? Nasa shi ne inda ya tsaya, hasken da ya jira, da abin da ya bari a wajen hoto.

Amma gaskiya ba duka nake karewa ba. Da yawa hoton talla ne kawai: an tsayar da abu, takobi a sama, baya fari fat. Wannan nuna kaya ne, "ku ga na saya". Amuro, matuƙin Gundam na farko, yaro ne ɗan shekara 15 da yaƙi ya rutsa da shi. Hoton injin a durƙushe, hannu ɗaya ya cire, ƙura ta rufe shi, ya fi faɗin wannan labarin nesa ba kusa ba.

Masu cewa AI zai yi maka a daƙiƙa goma, eh zai yi. Amma ka gwada ce masa ya karkatar da kan kaɗan hagu ba tare da ya sauya komai ba, ka dawo mu yi magana.

Na san Gunpla da tsada in ka haɗa da kuɗin kawowa da halin da canji ke ciki. Ba dole sai shi ba. Motar kara, motar gwangwani, ta waya da ƙannenmu ke ƙerawa, duk lissafi ɗaya ne. Kuma hazon hunturu, wanda wasu sai sun kunna injin hayaƙi suke samun irinsa, mu kyauta yake zuwar mana. Ka fita da sassafe, ka ajiye abin nesa da bango, rana ta gefe, waya kai ƙasa.

Wanda ya gwada ya sako a ƙasa mu gani.