ƘARAMAR JAMI'A TA KUƊI KO BABBA TA GWAMNATI?

Daga Wakilinmu na Arewa

Ran nan, sa'ad da na kai ziyara Anacha, mun idar da sallar La'asar ke nan a masallacin Titin Bida, sai wani dattijo mai fataucin albasa ya kama hannuna ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗana, ku ne masu yawo kuna ganin duniya. Yaron wajena ya ci jarrabawar shiga jami'a. Shi Zariya ya ke so, uwarsa kuwa ta ce a kai shi irin ƙananan jami'o'in nan na kuɗi, inda malamai ba su yajin aiki. Motocin kaya biyu gare ni, duk sun tsufa. In na sayar da ɗaya, kuɗin shekara biyu ya samu. Me ka gani?" Na ce, "Baba Alhaji, sauran shekara biyun fa? Kuma yara nawa ke bin bayansa?" Ya yi shiru, can ya ce bakwai, huɗu mata.

Wannan tambaya na sake jin irinta a Diobu ta Fatakwal, na kuma ji ta wurin masu shanu a Garikin Inugu. Saboda haka na ga ya kamata mu tattauna ta a fili. Ni dai karatuna a sakandare ya tsaya, amma aiki ya kai ni jami'o'i iri biyun nan, kuma abin da ido ya gani shi zan faɗa.

Da fari, mu san abin da a ke nufi da ƙaramar kwaleji, gama daga Amurka aka kwaikwayo ta. A can akwai kwalejoji masu zaman kansu, irin su Amherst da Williams, waɗanda ɗalibansu duka ba su wuce wajen 2,000 ba, alhali kuwa Jami'ar Jihar Michigan, wadda ta ke ta gwamnati, tana da wajen 50,000. A ƙananan nan ba a tsare yaro a kan fanni ɗaya tun ran da ya shiga. Sai ya taɓa tarihi, da lissafi, da kimiyya, da harsuna, ya iya rubutu da muhawara, sa'an nan ya zaɓi inda zai ƙware. Aji kuwa mutum goma sha biyar ne ko ashirin. Mu wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Shi ne bambancin karatun zaure, inda malami ya san inda kowane almajiri ya tsaya jiya, da tafsirin babban masallaci, inda kowa ke ji amma ba mai tambayarka abin da ka fahimta.

Ba mai musun amfanin irin wannan karatu. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 'yar ƙarama ce, amma ita ta fid da Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Haka kuma Dokta Nnamdi Azikiwe, mutumin Anacha wanda aka haifa a Zungeru a 1904, a wata ƙaramar jami'a ta baƙar fata ya sami digirinsa a 1930, watau Lincoln ta Amurka. To, amma ku lura da abu guda. Da mulkin Jihar Gabas ya zo hannunsa, bai gina irin wadda ya fito ba. Sai ya nemi taimakon Jami'ar Jihar Michigan ɗin nan, aka buɗe ta Nsukka ran 7 ga Oktoba 1960 da ɗalibai 220, aka shirya ta don ta girma ta ɗauki ɗan manomi da ɗan kasuwa. Abin da ya gani mai kyau a can, watau darussan faɗaɗa tunani da kowane ɗalibi zai yi ko mene ne fanninsa, ya sa aka shigar da shi a ciki. Sardauna ma, ɗan ƙaramar kwaleji, babba ya gina a Zariya a 1962. Mutanen nan sun san daɗin zaure, amma sun san ba zaure ne zai ɗauke jama'ar ƙasa ba.

A ƙasar nan jami'o'in kuɗi ba su daɗe ba. A 1983 Kotun Ƙoli ta ba Dokta Basil Ukaegbu na Jihar Imo gaskiya a kan cewa mutum na iya kafa tasa, nan da nan fiye da 20 suka tsiro kamar naman kaza. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta soke su duka da doka, ɗalibansu suka watse. Sai a 1993 aka sake buɗe ƙofa, kuma a 1999 aka ba uku na fari izini: Igbinedion, da Babcock, da Madonna ta Okija nan kusa da Anacha, wadda ke da reshe a Elele ta Jihar Ribas. Daga baya Inugu ta sami Caritas da Godfrey Okoye, Awka ta sami Paul. A Arewa kuwa, Alhaji Atiku Abubakar ya kafa Jami'ar Amurka ta Yola, wadda ta soma karatu a 2005 da ɗalibai ɗari da 'yan kai, kuma ita ce ta fito fili ta ce tsarin Amurka ɗin nan ta ke bi. A shekarar ne kuma aka sami Al-Qalam a Katsina. Ya zuwa 2024 jami'o'in kuɗi sun haura 140, amma duk da yawansu ba su ɗauke ko kashi 10 cikin 100 na ɗaliban jami'a ba.

A nan ne na ke so a yi hattara, gama kama da wane ba ta wane. Ba kowace ƙaramar jami'a ce irin waccan ta Amurka ba. Da yawa ƙanana ne don ba su sami ɗalibai ba, ba don sun zaɓi ƙanƙanta ba. Fannonin da su ke koyarwa su ne dai na ko'ina: lauya, akanta, aikin jarida, kwamfuta. Malamansu kuwa, ba kaɗan ba daga jami'o'in gwamnati su ke zuwa su yi aikin wucin gadi su koma. Sai ka biya miliyan, ashe malamin da ka guje wa a babbar makaranta shi ka taras.

To, mene ne mai kuɗi ke saye na haƙiƙa? Abu biyu ne. Na fari lokaci. A 2020 malaman jami'o'in gwamnati, watau ƙungiyar ASUU, sun yi wata tara suna yajin aiki. A 2022 suka sake tafiya daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Wata goma sha bakwai ke nan cikin shekara uku yara na zaune a gida, wasu 'yan matan aka aurar da su, wasu samarin suka bi kasuwa ba su koma ba. Ga shi kuma wanda ya wuce shekara 30 kafin ya gama ba ya zuwa bautar ƙasa, kamfanoni da yawa ma su kan ƙayyade shekarun wanda za su ɗauka. A jami'ar kuɗi shekara huɗu shekara huɗu ce. Na biyu kuwa ido. Yaro in ya kwana biyu bai shiga aji ba, an sani. A babbar jami'a, ɗaruruwan 'yan ajin farko ke cika ɗaki guda, wasu a tagogi, ɗakin kwana ba ya isa, sakamakon jarrabawa ya kan ɓata a yi ta bin ofis-ofis, ga 'yan ƙungiyar asiri da suka addabi wasu makarantun. Yaro mai kunya, ko mai rauni a Turanci, ya kan nutse ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Duk wannan gaskiya ne, uwar yaron nan ba ta yi wauta ba.

Amma a auna ɗaya gefen. Jami'o'in Tarayya da yawa, har da ta Bayero a Kano, sun ƙara kuɗin rajista a 2023, jama'a suka koka, duk da haka da dubbai a ke magana a shekara, a can kuwa da miliyoyi. Bashin karatu da Gwamnatin Tarayya ta soma bayarwa a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne kaɗai. Kuɗin gine-gine da na horad da malamai na asusun TETFund su ma can su ke tafiya. Mai son ɗansa ya zama likita, ina zai sami irin asibitin koyarwa na Shika, ko na Malam Aminu Kano, ko na Ituku-Ozalla kusa da Inugu? Ku masu shanu, in kuna so ɗanku ya zama likitan dabbobi, ai Zariya da Sakkwato da Nsukka ne gida. Aikin gona kuwa ga Samaru. Ba ƙaramar makarantar da za ta tara irin wannan kaya cikin shekara goma.

Har ila yau akwai wata riba da ba a rubuta ta a takardar digiri. A Samaru ko a Choba ta Fatakwal, ɗan mai gadi da ɗan gwamna, Bahaushe da Inyamiri da Bayarabe, layi ɗaya su ke bi. Mu da mu ke zaman baƙunci, jarinmu na fari shi ne sanin mutane. Malam Umaru Altine bai zama Magajin Garin Inugu a shekarun 1950 ba sai don ya shiga jama'a sun san shi. Yaron da aka killace cikin 'ya'yan masu hali ɗari biyar zai fito da Turanci mai kyau, amma sai ya sake koyon zama da mutane.

Kuma akwai wata dama da yawancinmu ba mu sani ba. A jami'o'in Tarayya, kashi 45 na guraben shiga na waɗanda suka fi ƙoƙari ne, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari baya a boko, galibin jihohin Arewa kuwa suna ciki. Yaron da aka haifa a Diobu da jihar ubansa a ke lissafa shi. Saboda haka a je gida a karɓo masa takardar shaidar ƙaramar hukuma tun kafin ya cika fom ɗin JAMB. A jami'o'in jihohi kuma a tambaya da kyau, gama da yawansu su kan caji baƙo fiye da ɗan jiha. Kusan yara miliyan 2 ne suka zauna jarrabawar nan a 2025, wanda ya yi sake da takarda guda ya rasa shekara.

Ga ra'ayina, jama'a. Ga talakan ɗan kasuwa mai 'ya'ya da yawa, babbar jami'ar gwamnati ita ce hanya, ta kuɗi kuwa rangwame ce ga mai hali. Mai hali kuma ba shi ne mai iya biyan shekarar fari ba. Shi ne wanda zai biya shekara huɗu daga riba, bai taɓa uwar kuɗi ba, bai kuma fid da ƙannen yaron daga makaranta ba. Mun san halin zamanmu a nan: gobarar kasuwa ɗaya, ko tashin hankali na kwana uku, ko mota ta kife da kaya a hanyar Lakwaja, sai lissafi ya rushe. Yaron da aka kora a aji uku saboda bashi ya yi biyu babu. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ya yi dubu bai fito ba. Kuma wane adalci ne a zuba dukiyar gida a kan namiji guda, mata huɗu su tsaya a firamare?

Wanda Allah Ya hore wa, ko mai yaron da ya tabbata zai ɓace cikin taro, to, ya kai shi ƙarama, ba laifi. Amma zuwa da kai ya fi aike. Ya je ya gani da idonsa, ba ranar biki ba. Ya tambaya ko hukumar NUC ta amince da fannin da yaron zai karanta, ba da jami'ar kaɗai ba, kuma in likitanci ne ko lauya ko injiniya, ko majalisar masu sana'ar ta yarda. Ya tambayi malamai nawa ne na dindindin, mutum nawa ne a aji, sau nawa aka ƙara kuɗi cikin shekara ukun da suka wuce. In ta mishan ce, ya ji dokarsu a kan salla da sutura tun kafin ya biya, don kada a yi rigima daga baya. Kada kuma a ruɗe mu da digirin sauri na ƙetare. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida, a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da karɓar takardun Binin da Togo, masu gaskiya ma abin ya shafe su.

Saura aikin da ke kanmu. Idon nan da a ke saye da miliyoyi, mu ma muna iya samar da rabinsa da kanmu. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni na Fatakwal da Anacha da Inugu su rubuta sunan kowane ɗanmu da ke jami'a, a haɗa shi da wani babba mai ilmi a garin da ya ke karatu, wanda zai riƙa duba sakamakonsa kowane zango. In an shiga yajin aiki, a sa su koyar da ƙannensu a makarantun unguwa, a ba su ɗan abin sabulu. Kuɗin da a kan tara don tarbar 'yan siyasa ya isa ya yi wannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Baba Alhaji kuwa, na ce masa ya bar motarsa a kan hanya, ya bar yaro ya tafi Zariya, amma duk wata biyu in ya hau ɗauko albasa ya ratse Samaru ya ga abin da ya ke ciki. Ya ce zai yi shawara da uwar yaron. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba mu ikon sauke nauyinsu, amin.