Wasiƙa Zuwa Ga Masu Canjin Kirifto a Tsohon Birnin Gwari

Ƙannena, ku da kuke karɓar USDT da sauran kuɗaɗen kirifto a hannun jama'a kuna ƙirga musu tsabar naira.

Maganar haraji ce ta sa na rubuto muku, kuma roƙona ɗaya ne: kowa ya buɗe littafin ciniki, ya riƙa rubuta kowane saye da sayarwa tun kafin mai kaya ya tashi daga kan benci.

Na san inda kuka samo ɗabi'ar ciniki baki da baki. A watan Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto, aka riƙa rufe asusun mutane. A ƙarshen Satumbar shekarar gwamnatin Kaduna ta katse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, ba a maido ba sai ƙarshen Nuwamba. Sai ga canjin kuɗi na farkon 2023, da takardar naira ta zama abin nema ido rufe. Wanda ya koyi sana'a a irin wannan yanayi, ba abin mamaki ba ne ya riƙa gudun barin sawu. To amma zamani ya juya. A Disambar 2023 Babban Bankin ya janye hanin. A Maris ɗin 2025 sabuwar dokar zuba jari ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar SEC. A watan Yuni kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Hukuma ta amince sana'a ce kuke yi, saboda haka za ta nemi kasonta.

Kada wannan ya firgita ku. A kan riba ake sa haraji, ba a kan kuɗin da suka ratsa ta asusunka ba. A ƙaddara ka sayi USDT 1,000 a kan naira 1,500 kowace ɗaya, ka sayar a kan 1,520. Naira miliyan 1.52 ce ta shigo maka, amma taka a ciki 20,000 ce kacal. Ka yi irin wannan sau ɗari a shekara: takardar banki za ta nuna naira miliyan 152, ribarka kuwa miliyan biyu. A sabuwar dokar, naira 800,000 ta farko babu haraji a kanta, miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 cikin ɗari ne. Ke nan idan ba ka da wata hanyar samu, abin da ke kanka naira 180,000 ne, tun ma ba a cire kuɗin da ka kashe wajen gudanar da sana'ar ba. To wa zai tsaya maka shaida cewa miliyan biyu ce taka, ba 152 ba? Jami'in haraji abin da ya gani a takarda yake bi, kuma doka ta ba shi damar yi maka ƙiyasi idan ba ka da lissafi. Faɗuwar da ka yi ma ana iya cire ta daga ribar kirifto, amma fa sai wadda aka rubuta.

Ku rubuta rana, da sunan mutum, da lambar wayarsa, da yawan abin da ya kawo, da farashin saye da na sayarwa, da lambar shaidar cinikin da manhaja ke bayarwa. Ku ajiye shekara shida. Kada ku ce ai komai yana cikin waya. Manhajar kirifto ta Binance ta daina hulɗa da naira a Maris ɗin 2024 bayan an tsare jami'anta biyu a Abuja. Manhaja tana rufewa, waya tana faɗawa ruwa. Ku kuma raba asusun sana'a da na cefanen gida. Kuɗin masarar da ka sayar da na USDT idan suka cakuɗe, kai kanka ba za ka iya warware su ba.

Akwai abin da ya fi haraji damuna. Ba a Kantin Kwari kuke zaune ba. A bakin dajin Kamuku da Kuyambana kuke, inda kuɗin fansa da na shanun sata da na zinaren da aka haƙa ba bisa ƙa'ida ba suke neman hanyar wanke kansu. An yi sulhu da 'yan bindiga a Nuwambar 2024, Gwamna Uba Sani ya zo an sake buɗe karar shanu, muna kuma addu'ar Allah ya ɗorar da zaman lafiyar. Amma wannan bai sa kowane kuɗi ya zama mai tsabta ba. Baƙon da ya zo da ƙunshin tsaba a buhu, bai yi tayi ba, bai damu da farashi ba, ya ƙi faɗin sunansa, ka ba shi haƙuri ya wuce, komai daɗin ribar. Haka wanda sunan da ke kan taransifarsa ya saɓa da sunan da ya ba ka. Ku kuma daina sakin kaya don an nuna muku hoton risit. Ku buɗe asusunku ku ga kuɗin da idonku. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta haura naira miliyan biyar sai ta hanyar banki. A Afrilun 2024 EFCC ta samu umarnin kotu ta ƙulle asusu fiye da dubu ɗaya. Ranar da irin wannan ta biyo ta kanka, ba rantsuwa za a nema ba, za a ce wa ya kawo, yaushe, nawa. Kuma ko babu EFCC, wa zai so a ce ta hannunsa kuɗin da aka sayar da gona aka fanshi ɗan'uwa suka bi suka koma harsashi?

Harajin mutum ɗaya na jihar da yake zaune ne, ke nan naku na hukumar harajin Kaduna, KADIRS, ne. Lambar NIN ita ce yanzu lambar harajin mutum, kuma ana miƙa bayanin samun shekarar da ta wuce kafin 31 ga Maris. Kada ku damƙa wa kowa tsaba a hannu da sunan haraji, dokar Kaduna ta hana tun 2016. Ku biya ta banki, ku karɓi risit. Masu juya manyan kuɗi a cikinku ku haɗa kai ku nemi akanta guda ya duba muku lissafi, ya kuma bincika muku ko girman cinikinku ya kai na yin rajista da SEC.

Wassalam,
Yayanku.