Daga ƙanƙarar Aktik zuwa hazon Bodele: inda hunturunmu ke samun ƙarfi

A watan Maris na 2025, cibiyar NSIDC ta Amurka mai auna ƙanƙara ta sanar cewa ƙanƙarar da ke rufe tekun Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, ta tsaya a murabba'in kilomita miliyan 14 da dubu 330 a ƙarshen sanyin shekarar. Tun 1979 da aka fara awon da tauraron ɗan Adam har zuwa 2025, ba a taɓa ganin ta yi ƙaranci haka a irin wannan lokaci ba. Mai karatu a Damagaram, Garwa ko Injamena zai iya cewa ina ruwanmu. Ruwanmu kuwa yana cikin iskar da muke shaƙa daga Nuwamba zuwa Maris.

Iska tana tafiya ne daga inda ta yi nauyi zuwa inda ta yi sauƙi. Da sanyi, doron ƙasa yana rigan teku hucewa, sai iska mai sanyi da nauyi ta taru a kansa. A Asiya tana taruwa a Saiberiya, ta kwararo kan Sin, Koriya da Japan. A wajenmu tana taruwa a arewacin Sahara, ta gangaro kudu har gaɓar tekun Gini. Ita ce hunturu. Da damina sai lamarin ya juya, iska ta taso daga teku da ruwa.

Ƙanƙarar Aktik ma a hannun iska take. Iska ce ke tura ta waje ta mashigin Fram, gabas da Girinland, ita ce kuma ke kai ɗumin Atlantika tekun Barents ta hana shi daskarewa. Inda ƙanƙara ta janye, ruwan yana sakin zafi sama. Wasu masana na ganin hakan na ƙara wa iskar Saiberiya nauyi, ya tsananta sanyi a gabashin Asiya. Wasu na cewa sauyin da iska ke yi da kanta daga shekara zuwa shekara ya fi tasiri.

Abin da ya haɗa mu da wannan labari yana arewacin Atlantika. Akwai iska mai nauyi a kan tsibiran Azor, da marar nauyi kusa da Aisland, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana hawa tana sauka. Idan ta yi faɗi, ƙanƙara kan ragu a Barents ta ƙaru a tekun Labrador, iskar da ke ratsa Sahara kuma kan yi ƙarfi ta ɗebi ƙura da yawa. Wato narkewar ƙanƙara ba ita ke aiko mana da hazo ba. Ganga ɗaya ce suke bi su biyun.

Da yawa daga wannan hazo yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon tafki. Iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta kwashi farar ƙura ta watsa ta kan Nijar, Najeriya, Kamaru da Gana, har Amazon. Inda ta sauka jirage na fasa tashi, masu asma na cika asibitoci, busasshen maƙogwaro kuma na buɗe wa sanƙarau ƙofa. A annobar 1996, mutane kusan 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu.

Ana iya hango guguwar ƙura kwanaki kafin ta iso. Cibiyar ACMAD da ke Yamai tana fitar da sanarwar faɗakarwa kan yanayin da ke haifar da sanƙarau, amma da Faransanci da Ingilishi. A ajina na ga yara sun zo da tari cikin hazo, ba wanda ya gaya wa iyayensu komai tun jiya. Hazon da ya tashi daga Cadi ba ya tsayawa a kan iyaka. Ya kamata ma'aikatun hasashen yanayi na ƙasashenmu su riƙa miƙa wa gidajen rediyon karkara wannan gargaɗi da Hausa, a ranar da ya fito.