Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamna Uba Sani: A Sarrafa Cittarmu a Gida

Mai girma Gwamna,

Ranka ya daɗe, daga Kafanchan nake rubuto maka, garin da jirgin ƙasa ya raya. Tun 1927 nan ce mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos, kuma albashin ma'aikatan reluwe ne ya cika kasuwarmu da baƙi daga kowace kusurwa ta Najeriya. Da jirgi ya tsaya, 'ya'yanmu suka dogara da masaƙun Kakuri da ke Kaduna. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007. Tun daga nan matashin Jama'a ko Jaba ko Zangon Kataf da ke neman aikin wata sai ya nufi Abuja, ya zama maigadi ko ɗan acaɓa.

Abin da ya rage a hannunmu shi ne citta, kuma a kanta nake son ka saurare ni.

Ka zo Kwoi ko Kubacha a watan Disamba ka gani. Mata na zaune tun asuba, kowacce da wuƙa, suna tsaga citta ɗaya bayan ɗaya har yatsu su yi kanta. A shanya ta a kan fa ko a bakin titi, ƙura na hawa, a ɗura a buhu, dillali ya yanka farashinsa, tirela ta kwashe sai Legas. Niƙawa, tatsar mai, zubawa a kwalba da liƙa suna, galibi a wata ƙasa ake yi, kuma a can albashin yake. Mu da muka yi noma muka yi haƙa, guntun kuɗin ne namu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga masana'antar citta ta Kachia, wadda aka gina domin wannan aiki, ta yi shekaru a kwance.

Sannan annobar citta ta 2023 ta zo. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar a wajen naira biliyan 12. Manomi ya rasa amfanin shekara, ya rasa irin baɗi, domin ita citta da jikinta ake shuka ta. Da yawa sun koma masara da kurkur, wasu har yau bashi na wuyansu.

Na ga abin da aka yi, ba zan ɓoye ba. Cibiyar koyon sana'a ta Samaru Kataf da sabuwar jami'ar tarayya ta Kachia abin godiya ne. Sai dai yaron da ya ƙware a walda ko gyaran inji, in babu masana'antar da za ta ɗauke shi a gida, Abuja muka horar wa ma'aikaci. Abin da ya fi damuna kuwa, babban yankin sarrafa amfanin gona da aka aza harsashinsa a 2025 yana Daki-Takwas ne, a ƙaramar hukumar Chikun. Ke nan cittarmu za ta sake hawa mota ɗanya, aikin ya sauka a wani wuri.

Roƙona, ranka ya daɗe, a tashi masana'antar Kachia, ko da ta hannun 'yan kasuwa ne, ƙungiyoyin manoma su sami hannun jari a ciki. A ware fili a Kafanchan, a kai masa wutar da ba ta ɗaukewa, domin babu mai zuba jari da zai busar da citta da janareta ya ci riba. Reshen jami'ar jiha da ke garin nan a ɗora masa aikin samar da iri mai tsabta, a ba shi kuɗin yi. Kuma a tsare hanyoyin gona, don mutum ba ya noma yana waige.

Shuka tana farawa ne a Afrilu. In irin bai iso hannun manomi kafin ruwan farko ba, wata shekarar ta sake wuce mu.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan Kafanchan